Wasan Dira Da Laima Ya Shiga Kasuwa

Ran 1 ga watan Oktoba na shekarar 2023, a wani filin jirgi da ke jihar Illinois ta ƙasar Amurka, wata tsohuwa mai suna Dorothy Hoffner, mai shekara 104 a duniya, ta ajiye abin da ta ke dogarawa in za ta yi tafiya, aka kama ta aka hau da ita jirgin sama. Da jirgin ya lula ya kai tsawon ƙafa 13,500 sai aka buɗe ƙofa, ita da wani gwani da aka ɗaure su tare suka faɗo. Bayan 'yan mintoci laima ta sauke su bisa ciyawa lafiya lau, jama'a na ta tafi.

Da a ce an ba mazajen da suka fara wannan wasa a shekarun 1950 wannan labari, da sun ce tatsuniya ce. To, cikin waɗanda suka saura daga cikinsu, da waɗanda suka koya a hannunsu, akwai masu gunaguni cewa wasan ya lalace. Sun ce da abin na masu zuciya ne, yanzu kuwa ya zama kasuwa, duk wanda ya zo da kuɗinsa sai a rataya shi a sako shi kamar buhun gero. Ni dai ban taɓa dira daga jirgi ba, ba na kuwa shirin yi. Amma na bi labarin, kuma a ganina tsofaffin nan sun yi kuskure a babban abin da su ke kuka da shi, sun yi gaskiya a wani wanda ba su cika ɗaga murya a kansa ba. Shi na biyun nan kuwa ya shafi duk mutumin da aikinsa riƙon alƙalami ne da sa hannu a takarda, don haka na ga ya kamata malamai su ji shi.

Laima dai ta girmi jirgin sama. Tun cikin Oktoba na 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya tashi da balo bisa birnin Faris, ya yanke igiya daga wajen ƙafa 3,000, ya sauko yana lilo kamar zai kife, amma ya tsira. A 1919 wani Ba'amurke, Leslie Irvin, ya nuna cewa mutum na iya faɗowa haka nan da laimarsa a naɗe, sa'an nan ya ja igiya da hannunsa ya buɗe ta. Ya sauka ya karya idon sawu, amma ya tabbatar da maganarsa. Duk da haka, har aka yi Yaƙin Duniya na Biyu, laima a yawancin ƙasashe abar soja ce da direban jirgin da ya lalace da 'yan wasan neman kuɗi a taron kallo. Sai da aka gama yaƙi, sojan laima suka koma gida da ƙaiƙayin abin a jikinsu, ga kuma tsofaffin laimomin soja jibge ana sayarwa da araha, sa'an nan aka fara yi don nishaɗi sosai. An yi gasar duniya ta farko a 1951 a ƙasar Yugoslabiya ta wancan zamani. A 1959 Jacques Istel, haifaffen Faransa, ya buɗe makarantar dira ta kuɗi a garin Orange na jihar Massachusetts, ita ce ta farko irinta a Amurka.

Ya kamata mai karatu ya san yadda mutanen nan su ke zaune a lokacin, don ya gane abin da a ke kewa. Laimarsu zagayayya ce kamar malafa, inda iska ta so nan ta ke kai mutum, sai dai su sa almakashi su yanke wasu sassa a bayanta don ta ɗan yi tuƙi. Laimar ko-ta-kwana kuwa a ciki a ke ɗaura ta. Su kan sa manyan takalma na soja, domin saukar tamkar faɗowa ce daga kan soro, karaya da targaɗe kuwa ba a ɗauke su labari ba. Jirginsu ƙarami ne mai cin mutum huɗu, a cire ƙofa, a zauna a ƙasa a matse. Sabon shiga sai ya yini yana koyon yadda a ke faɗuwa a mirgina, da abin da zai yi in laima ta ƙi buɗewa, sa'an nan a kai shi wajen ƙafa 3,000 ya fita shi kaɗai, igiyar da aka ɗaure a jikin jirgi ta buɗe masa. Sai ya yi haka sau biyar a ƙalla kafin a yarda ya ja da hannunsa. Kowa shi ke naɗe laimarsa. Wanda ya naɗe da gaggawa, shi zai gani a sama.

Kuma ba a zuwa a yi dira a juya gida. Daga Asabar har Lahadi suna filin, su kwana cikin tanti ko cikin mota, da dare a hura wuta a kewaye ta. Suna da al'adunsu: duk wanda ya yi wani abu karo na farko tilas ya sayo wa jama'a akwatin giya, wanda ya cika dira ɗari a shafe masa fuska da waina mai kirim. Har sunan ba'a gare su da su ke kiran wanda ba ya dira, an samo shi ne daga tambayar da 'yan kallo kan yi musu, watau don me mutum zai fita daga jirgin da lafiyarsa ƙalau. In da Hausa ne sai mu ce Ɗan-don-me. Ban da sha'awar giyarsu, amma a bakin wutar nan a ke karatu na gaskiya. Nan tsoho zai ba da labarin yadda wane ya mutu, da kuskuren da ya yi, yaro na saurare. Nan kuma za a kira wanda aka ga ya yi wauta da rana, a wanke shi tas gaban kowa, in ta kama a hana shi hawa jirgi har sai ya yi hankali.

Wannan zumunci shi a ke kewa, kuma abin kewa ne. Amma in tsoho ya ce wasan ya fi kyau a zamaninsu, sai a tambaye shi mutum nawa suka binne. Ran 27 ga Agusta, 1967, mutum 18 suka diro daga wani tsohon jirgin yaƙi a jihar Ohio, daga ƙafa 20,000, alhali gajimare ya rufe ƙasa ba sa ganin kome, doka kuwa ta hana dira ta cikin gajimare. Ma'aikacin da ke duba jirage daga ƙasa ya ɗauki wani jirgi daban a matsayin nasu, ya ce suna kusa da filinsu, ashe suna bisa tafkin Erie. Da suka keto gajimare sai ga ruwa iyakar gani. Mutum 16 suka nutse da takalmansu da kayansu masu nauyi. Ƙungiyar 'yan laima ta Amurka, wadda a ke kira USPA, tana ajiye lissafi. A shekarun 1970 a kan rasa mutum 42 ko 43 kowace shekara. A 2024 an yi dira wajen miliyan 3.88, mutum 9 suka mutu. Masu yi sun ninka, matattu sun ragu ƙwarai. Wannan lissafi ya ishe ni amsa ga mai cewa gara jiya.

Abin da ya kawo wannan sauyi kayan aiki ne. Domina Jalbert, haifaffen Kanada, ya ƙirƙiro laima mai kusurwa huɗu wadda ya sami takardar mallakarta a 1966. Ita kamar katifa ta ke mai aljifai, iska ta shiga ta gaba ta cika ta, ta zama fiffike, a tuƙa ta hagu da dama, a taka mata birki a sauka a tsaye. A shekarun 1970 Bill Booth ya fito da dabarar zobba uku, wadda in babbar laima ta harɗe, mutum ya ja mariƙi guda ya rabu da ita nan take ya buɗe ta ko-ta-kwana. A 1991 wani Bajamushe, Helmut Cloth, wanda abokinsa ya mutu bai buɗe laima ba, ya fito da 'yar na'ura mai suna CYPRES. Ita tana auna tsawo da gudu, in ta ga mutum ya iso wajen ƙafa 750 yana faɗuwa da gudun da ya wuce mil 78 a awa, sai ta yanke igiyar da ke riƙe laimar ko-ta-kwana, ko da mutumin ya suma. Da farko gwanaye sun raina irin waɗannan na'urori, sun ce na 'yan koyo ne. Yau da wuya ka ga mai dira ba tare da ita ba.

Amma wanda ya buɗe ƙofar kasuwa shi ne abin da zan kira dirar goyo, ko da ya ke goyon a gaba ya ke, ba a baya ba. A 1983 Ted Strong ya gwada ta a jihar Florida, Bill Booth ma ya ƙera tasa a wannan tsakani. A kan ɗaure baƙo a ƙirjin gwani da ƙugiya huɗu, su yi tarayya a babbar laima guda. Baƙon ba ya naɗewa, ba ya lissafin tsawo, ba lalle ne ya ja kome ba. Bayanin da a ke masa sau da yawa bai kai rabin awa ba: lanƙwasa baya in an fita, ɗaga ƙafafu in za a sauka. Sai a kai shi ƙafa 13,000 ko 14,000, ya faɗo kamar minti guda da gudun mil 120 a awa, ga mai kyamara yana shawagi gabansa yana ɗaukar hoton haƙoransa. Sinima ta ƙara wa abin farin jini, musamman wani fim na 1991 mai suna Point Break. Tsohon shugaban Amurka George Bush babba, wanda ya taɓa dira dole a 1944 sa'ad da aka harbo jirginsa a yaƙi, ya yi dirar goyo a 2014 ranar da ya cika shekara 90. Mutanenmu masu zuwa Dubai kuwa sun ga laimomi na sauka bisa tsibirin nan mai siffar dabino, wasu cikin 'ya'yansu ma sun hau.

Yanzu a Amurka wajen mutum rabin miliyan ke yin dirar farko kowace shekara, yawancinsu ta goyo, alhali 'yan ƙungiyar USPA duka-duka sun ɗan haura 40,000. Watau mafi yawan masu zuwa sau ɗaya su ke yi, su karɓi bidiyonsu su sa a waya, ba a sake ganinsu. Tsofaffi sun ce waɗannan ba 'yan laima ba ne, fasinjoji ne. Gaskiya ne, hangen Dala ba shiga birni ba. Amma ya kamata mai gunaguni ya tuna kwanon da ya ke ci. Fasinja kan biya dala 200 ko fiye, gwani mai kayansa kuwa kujerarsa ba ta wuce dala 30 ko 40 ba. Kuɗin fasinjan nan su suka sayi manyan jirage masu ɗaukar mutum ashirin su kai su sama cikin 'yan mintoci, su suka gina rumfuna da banɗaki da wurin naɗe laima mai shimfiɗa. In yau fasinjoji suka daina zuwa, filaye da yawa rufewa za su yi, gwanin ya koma ƙaramin jirginsa na mutum huɗu.

Su gwanayen ma ai sun sake hali. Bill Booth yana da wata magana da ta shahara a tsakaninsu, ma'anarta ita ce duk sa'ad da kaya suka ƙara aminci, masu dira sai su ƙara ganganci don cike gurbin. Haka kuwa aka gani. Da laima ta daina ƙin buɗewa, sai aka shiga ƙanƙantar da ita don ta yi gudu. Ta ɗan koyo ta kan wuce murabba'in ƙafa 200, ta wasu gwanaye ba ta kai 100 ba. Su kan juyo da ita kusa da ƙasa su sulmiyo bisa ciyawa ko bisa ruwa da gudun mota, jama'a na kallo. Wanda ya kuskure da ƙafa goma ya bugi ƙasa. Tun daga shekarun 1990 babban kaso na masu mutuwa a wasan nan laimarsu ta buɗe lafiya ƙalau, hannunsu ne ya kashe su, kamar dai yadda ruwa ya fi cin gwanin iyo. Ga kuma ƙaramar kyamara da kowa ke son ɗaurawa a hula. Ƙungiya ta ba da shawara kada mutum ya ɗaura sai ya cika dira 200, domin mai tunanin hoto ya kan manta da tsawo, amma yaro mai son a gan shi a intanet ba kullum ya ke jira ba.

Har wa yau akwai ɗakunan iska da aka gina cikin birane, inda manyan fankoki ke huro iska sama ta ɗauki mutum yana shawagi cikin gilashi. Yara ƙanana na koyo a ciki, har gasar duniya a ke yi tun 2015. Yaron da ya tashi a nan, ranar da ya cika shekara 18 ya hau jirgi, zai iya juyi a sama fiye da mai dira dubu. Amma ɗakin iska ba ya koya masa karanta gajimare, ko tuƙa laima cikin cunkoso, kuma babu bakin wuta a can inda tsoho zai tsorata shi da labarin matattu. Wannan duka abin damuwa ne, sai dai ina ganin gwani baligi da ya zaɓi ƙaramar laima ya san abin da ya saya. Nasa tsakaninsa da 'yan'uwansa ne.

Wanda na ke ji wa tsoro shi ne fasinja, kuma nan ne gaskiyar tsofaffi ta ke. A da duk wanda ya fita ƙofar jirgi ya san kayansa, shi ya naɗe, shi zai ja, ransa na hannunsa. Yanzu mafi yawan masu fita ba su san kome ba, sun miƙa ransu ga wani baƙo da suka sadu da shi minti ashirin da suka wuce. Kafin su hau an sa su sa hannu a doguwar takarda cewa in wani abu ya faru ba za su kai ƙara ba. Ba su iya duba laima su san mai kyau, ba su iya duba gwani su san na ƙwarai. To, me ya rage da zai tsare su? Takardu ne. Dokar Amurka ta ce mai goyon fasinja sai ya shekara uku yana dira, ya cika dira 500, ya sami lasin mafi girma, ya kuma yi kwas na musamman a kan irin kayan da zai ɗauka. Laimar ko-ta-kwana sai wani mai lasin naɗi ya buɗe ta ya duba ya sake naɗewa kowane kwana 180, ya sa mata hatimin darma, ya rubuta a kati. Jirgi ma yana da littafin gyaransa. Ran fasinja yana rataye ne a gaskiyar waɗanda suka cika takardun nan.

Ga abin da ke faruwa in aka yi wasa da su. Cikin Agusta na 2016, kusa da garin Lodi a jihar Kalifoniya, wani yaro ɗan shekara 18 da ya je dirar farko ya mutu tare da wanda ya goya shi. Da aka bincika sai aka ga mai goyon ba shi da cikakkiyar takardar shaida. Wanda ya koyar da shi kuwa an riga an dakatar da shi daga koyarwa, amma ya ci gaba da karɓar kuɗin ɗalibai, yana manna sa hannun wani malami daban a takardunsu. Tilas ƙungiya ta kira masu goyo fiye da ɗari su sake kwas. Jihar ta yi sabuwar doka a 2017, a 2024 kuma kotun tarayya ta sami mutumin da laifin zamba ta ɗaure shi. Duk akawun da ya taɓa ganin an sa hannu a madadin wani don a rage wahala, ya dubi wannan. Sai kuma hatsarin jihar Hawayi na ran 21 ga Yuni, 2019, inda jirgin 'yan laima ya faɗi yana tashi, mutum 11 suka mutu. Hukumar binciken hatsari ta Amurka ta sami direban da laifin tashi na ganganci, ta gano fiffiken jirgin ya taɓa lalacewa ba a gyara shi daidai ba, ta kuma zargi hukumar jiragen sama da barin masu wannan sana'a ƙarƙashin doka mai sauƙi, alhali kuɗin jama'a su ke karɓa.

Asalin matsalar ke nan. Tsarin da a ke bi an gina shi ne tun wasan yana na 'yan ƙungiya, kowa ya san kowa, gwamnati ta ce ku tsare kanku da kanku. A Amurka ba dole ne ma fili ya shiga ƙungiyar ba. Wannan tsari ya dace da abokai arba'in masu kewaye wuta. Bai ishi wurin da ke sauke ɗaruruwan baƙi kowane mako ba, inda a ke biyan mai goyo gwargwadon yawan dirar da ya yi, ya sauka ya ajiye wannan laima ya ɗauki wata ya ruga jirgi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In iska ta fara ƙarfi ko gajimare ya taso, ga fasinjoji talatin sun biya suna jira, wa zai ce a tsaya? A da tsoho ne ke faɗa, kuma ba ya asarar ko kwabo in ya faɗa. Yau wanda zai faɗa shi ne wanda aljihunsa zai yi kuka.

Masu filaye za su ce lissafinsu mai kyau ne, kuma ba su yi ƙarya ba, domin ƙungiya ta ce cikin dirar goyo wajen 500,000 a kan rasa fasinja guda. Za su ce in aka tsananta doka kuɗi zai hau, ƙananan filaye su mutu. Na yarda akwai wannan. Ban ce kuwa gwamnati ta shiga tsakanin gwanaye ta auna musu faɗin laima ba, a bar su da dokokin ƙungiyarsu, sun fi kowa sanin abinsu. Abin da na ke cewa shi ne, duk inda a ke karɓar kuɗin baƙo a ɗaure shi a jikin wani, ya kamata a sami sufeto wanda ba ya cin abinci a filin, ya zo ba da sanarwa ba, ya ɗauki takardar mai goyo ya tambayi wanda aka ce ya sa hannu ko shi ya sa, ya buɗe littafin jirgi ya gwada shi da jikin jirgin. Filayen kirki ba su da abin tsoro a nan, don yawancinsu suna yin fiye da haka da kansu. Ƙalilan ɗin da ba sa yi su ne fasinja ba ya iya bambancewa, domin allon talla da murmushin mai karɓar kuɗi iri ɗaya ne ko'ina.

Kafin a sami haka, wanda ɗansa ko ƙanensa ya matsa sai ya gwada abin nan a ƙasar waje, ya gaya masa ya tambayi abu biyu kafin ya sa hannu. Na ɗaya, a nuna masa takardar shaidar wanda zai goya shi, ya duba ko wa'adinta bai ƙare ba. Na biyu, katin laimar ko-ta-kwana. Yana cikin wani ɗan aljihu a jikin jakar laimar, an rubuta ranar da aka naɗe ta, da wurin, da lambar wanda ya naɗe, da sa hannunsa. Sai ya ƙirga kwanakin da yatsunsa.